KUƊIN HAYAR ƊAKIN DA BA A KWANA BA: NA WANE NE?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. 

'Yar'uwa, a wannan fitowar ina so mu duba wata mas'ala da ta sha raba maƙwabta, ta sha kai mutanen kirki gaban mai unguwa, wani lokaci ma har gaban alƙali. Mutum ne ya kama ɗaki ko shago haya, ya biya kuɗin shekara gaba ɗaya, sai wani abu ya gitta bai samu zama ba, ko kuma ya yi wata guda ya tashi. Ya dawo ya ce a mayar masa da kuɗinsa. Mai ɗaki ta ce ai ciniki ya riga ya faɗa, kuma ita ba ta kore shi ba. To, kuɗin nan na wane ne a wurin Allah?

Kada ki ce ke ba ki da gidan haya, saboda haka maganar ba taki ba ce. In kina ɗinki kina karɓar kafin alƙalami, ko kina ba da hayar kujeru da rumfa da manyan tukwanen biki, ko kina yi wa amare ƙunshi, ko kin taɓa biyan kuɗin masauki na Umarar azumi, to wannan tambaya ta taɓa zuwa ƙofarki, ko kuma tana nan tafe.

Abin da ya faru da ni

Duk wadda ta san Mai'adua ta san ranar Lahadi. Tun daren Asabar gari yake cika da baƙi, masu dabbobi da masu hatsi, wasu daga cikin Nijar ta Kwangwalam, wasu daga Kano da kudancin ƙasar nan. Baƙo kuwa dole ya nemi inda zai sa haƙarƙarinsa da inda zai ajiye kayansa. Shi ya sa hayar ɗaki da shago ta zama rufin asirin gidaje da yawa a garinmu, har da na zawarawa da marayu.

Ni ma ina da ɗaki ɗaya na gado a gidan mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ƙofarsa ta waje. A farkon watan Yuli na 2023 wata Hajiya 'yar kasuwa daga wajen Damagaram ta kama shi na shekara guda. Takan zo ran Asabar da dabino da cuku, ta ci kasuwa ran Lahadi, ta sari atamfa da kwanuka, ta koma ran Litinin. Ta ce ta gaji da neman masauki duk mako. Muka daidaita a kan N120,000, wato N10,000 ke nan kowane wata, ta ƙirga ta ba ni. Ba mu rubuta komai ba. Ta girme ni nesa ba kusa ba, sai na ji kunyar in ce mata a kawo takarda da biro.

Kasuwa uku kacal ta ci. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum a Yamai, ranar 30 ga wata kuma ƙungiyar ECOWAS ta zauna a Abuja ta ba da umarnin rufe iyakoki da Nijar. Samari masu babura sun ci gaba da bi ta daji, amma dattijuwa mai ciwon ƙafa ina ita ina wannan hanya? Ɗaki ya zauna a kulle, tabarmarta da buhunanta biyu suna ciki.

A watan Oktoba ta bugo mini waya. Bayan doguwar gaisuwa ta ce, "Malama, jarina ya karye. Don Allah a duba abin da ya rage na kuɗin ɗakin nan a taimaka mini da shi."

Na ce, "Hajiya, wallahi na tausaya miki. Amma ai ɗaki yana nan yana jiranki, kuma ba ni na rufe boda ba."

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Haka ne. Allah Ya sa mu dace." Ta kashe waya.

Gaskiyar magana ita ce kuɗin ba sa hannuna. Rabi ya tafi gyaran kwanon da yake yoyo, rabi ya tafi kuɗin makarantar yara. A watan Nuwamba kuma wani ma'aikaci da aka turo garin ya zo neman ɗaki. Na sa aka kwashe kayan Hajiya aka kai cikin gida, na ba shi ɗakin na wata takwas, na karɓi N80,000. Na gaya wa kaina ai zaman banza ɗakin yake yi.

A daidai wannan lokacin muna karanta babin ciniki na Risalar Ibn Abi Zaid da ajin matan aure na dare. Kullum in na buɗe littafin sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Da abin ya ishe ni, na nemi izinin maigida na tafi wurin wani kawuna wanda a hannunsa na yi karatun Risalar. Na ce, "Allah gafarta Malam, wata baiwar Allah ce ta aiko ni da tambaya." Na kwashe labari na gaya masa.

Ya yi murmushi ya ce, "Ɗiyata, ki tambayar mini wannan baiwar Allah abu ɗaya. Ranar da ta sa wani a ɗakin nan, hayar Hajiya tana nan ko ta warware? In tana nan, to amfanin ɗakin na Hajiya ne har shekara ta cika, kuɗin da baƙo na biyu ya biya nata ne. In kuwa ta warware, to a mayar mata da kuɗin watannin da suka rage. Ta zaɓi wanda ta ga dama."

Na yi lissafi a zuciyata. Ko ta ina na bi, N80,000 ce, kuma ba tawa ba ce. Ɗaki ɗaya na sayar wa mutum biyu a wata ɗaya.

Alkawari kaya ne

Kafin mu ci gaba, 'yar'uwa, bari mu ba mai ɗaki haƙƙinta, domin ba kullum ne take da laifi ba. Allah (SWT) Ya buɗe Suratul Ma'ida da umartar muminai su cika ƙulle-ƙullen da suka ɗaura. Malaman mazhabobi huɗu sun tafi a kan cewa haya ƙulli ne mai ɗaure ɓangarori biyu. Da zarar an yarda da ɗaki, an yanke kuɗi, an faɗi lokaci, to babu wanda yake da ikon warwarewa shi kaɗai don kawai ya canza ra'ayi. Mai ɗaki ba za ta kori ɗan haya a wata na huɗu don wani ya zo da kuɗi mafi tsoka ba. Haka shi ma ɗan haya ba zai tashi a wata na huɗu ya ce a ba shi canji don ya ga wani ɗaki mai fanka ba.

Hikimar a fili take. Ranar da mai ɗaki ta karɓi kuɗinki, ta sallami wasu masu nema. Ta gina lissafinta a kan wannan kuɗi, wataƙila ta sayi hatsin shekara da shi. In kowa zai iya fasawa duk ranar da ya ga dama, babu wanda zai ƙara amincewa da maganar wani, kuma talaka mai ɗaki ɗaya shi zai fi kowa shan wuya.

Imam Bukhari ya kawo wani hukunci na Alƙali Shuraihu da ya yi daidai da zamaninmu. Wani mutum ya ce wa mai ba da hayar raƙuma ya shirya masa raƙumansa, in bai yi tafiyar ba a rana kaza zai ba shi dirhami 100. Ranar ta zo bai tafi ba. Shuraihu ya hukunta cewa wanda ya ɗora wa kansa sharaɗi da son ransa, ba tare da an tilasta shi ba, to sharaɗin ya hau kansa. Kin ga ashe tun zamanin tabi'ai an san cewa wanda ya shirya ya jira ki, ya yi asarar wani abu, ko da ba ki zo ba.

Maganar kafin alƙalami

A nan ne da yawa daga cikinmu muke tuntuɓe. Uwar amarya ta kawo N5,000 ta ce a riƙe mata kujeru na ranar Asabar. Biki ya fasu. Shin za a cinye kuɗin ne ko za a mayar?

Irin wannan ciniki, wanda za a ce in an cika a lissafa abin da aka bayar cikin farashi, in an fasa ya zama na mai kaya, shi malamai suke kira arabun. Imam Malik ya buɗe littafin ciniki na Muwaɗɗa da hadisin da ya hana shi, kuma a bayaninsa ya haɗa har da haya. Saboda haka a mazhabarmu ta Malikiyya, haka kuma a wurin Hanafiyya da Shafi'iyya, bai halatta a ƙulla ciniki a kan cewa kafin alƙalami zai salwanta ba. Dalilinsu shi ne mai kaya ya ci kuɗi ba tare da ya ba da komai ba. In kuwa an yi sharaɗin za a mayar idan an fasa, to babu laifi.

Imam Ahmad ɗan Hambali ya halatta shi. Yana ganin wancan hadisin bai inganta ba, kuma ya kafa hujja da cewa gwamnan Sayyidina Umar (RA) a Makka, Nafi'u ɗan Abdul Haris, ya sayi wani gida a hannun Safwanu ɗan Umayya don a mai da shi kurkuku, bisa sharaɗin in Umar bai yarda ba Safwanu zai riƙe wani adadi da aka yanke. A 1993 Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Burunai ta ɗauki wannan ra'ayi, da sharaɗin a iyakance lokacin jira.

To me za mu yi da wannan saɓani? Ni abin da na fahimta shi ne, ko waɗanda suka halatta, a kan sharaɗin da aka faɗa tun farko suke magana. Babu malamin da ya ce ki karɓi kuɗi ki yi shiru, sai ranar da aka fasa sannan ki ƙirƙiro dokar "ba a mayarwa". Kuma mafi kuɓuta ga wadda take tsoron haɗuwarta da Allah shi ne ta duba asarar da ta yi da gaske. In kin riga kin sayi lalle da kayan haɗi, ko kin sallami wata amaryar saboda wannan, ki faɗa a fili, ku daidaita a kan wannan. In kuwa ba ki rasa komai ba, har ma kin samu wata ta ɗauki kujerun a ranar, to da wane suna za ki kira kuɗin da kika riƙe?

Fasawa iri uku ce

Da na zauna na yi ta juya maganar, sai na ga rikicinmu yana tasowa ne saboda muna haɗa abubuwa uku mu yi musu hukunci ɗaya.

Na farko, wanda ya fasa don son ransa. Ya ga wani wuri, ko ya ji ɗakin bai yi masa ba alhali ya duba shi kafin ya biya. Wannan ba shi da haƙƙin tilasta a mayar masa. Abin da yake da shi shi ne amfanin ɗakin har lokacinsa ya cika. In mai ɗaki ta karɓi makulli ta sa wani, to daga ranar ta karɓe abin da ta sayar, sai ta mayar da kuɗin watannin da suka rage.

Na biyu, wanda uzuri ya same shi shi kaɗai. An yi wa maigida canjin wurin aiki, ko ciwo ya kwantar da shi, ko jari ya karye, ko auren da aka kama ɗakin dominsa ya mutu kafin a tare. Malaman Hanafiyya suna ganin irin wannan uzuri yana ba da damar warware haya, domin ci gaba da ita cutarwa ce da mutum bai ɗaukar wa kansa ba. Sauran malamai suna ganin hayar tana nan, tunda ɗaki lafiyarsa ƙalau kuma ana iya amfani da shi.

Na uku, musibar da ta game kowa, ko ta hana amfanin wurin ɗungurungum. Ɗaki ya rushe da damina, ko hukuma ta rufe kasuwa. Shehu Halil a cikin Muhtasar, wanda alƙalanmu suka daɗe suna hukunci da shi, ya lissafa umarnin sarki na rufe shaguna cikin abubuwan da suke warware haya. Tushen wannan fahimta yana komawa ga hadisin Jabir (RA) da Imam Muslim ya ruwaito, inda Manzon Allah (SAW) ya yi umarnin a sauke wa mai saye asarar 'ya'yan itacen da annoba ta halaka, ya kuma nuna mamakin yadda mutum zai karɓi dukiyar ɗan'uwansa ba da haƙƙi ba. A Risala ma mun karanta cewa in fari ko ƙanƙara suka cinye sulusin amfanin da aka saya a kan bishiya ko fiye, ana rage wa mai saye gwargwadon haka. Ma'anar dai ita ce kuɗi a madadin amfani ake biyan sa. In amfani ya tafi ba da laifin mai biya ba, ba za a bar shi ya ɗauki asarar shi kaɗai ba.

To ina Hajiyata ta faɗa, dangane da watanni ukun nan, Agusta da Satumba da Oktoba, da ɗaki ya zauna a kulle da kayanta a ciki? Ba ɗakin aka rufe ba, hanya aka rufe. Wani malamin zai ce hayar tana nan, tunda kayanta suna ciki kuma ni ban hana ta ba. Wani zai ce musiba ce gama-gari wadda babu hannunta a ciki. Kawuna bai yanke mini ba. Cewa ya yi, "Wannan wurin sulhu ne, ɗiyata. Na wata takwas ɗin nan kuwa babu sulhu a cikinsa, bashi ne."

Ba mu kaɗai ba ne

Kada ki ɗauka wannan matsala ta ƙauye ce. A 2020, da annobar korona ta tsayar da duniya, an yi irin wannan taƙaddama a ko'ina. Akwai wani kamfani na Amurka mai suna Airbnb, wanda aikinsa dillanci ne ta intanet tsakanin masu gidaje da matafiya masu neman masauki na kwanaki ko na watanni. A watan Maris na shekarar ya yanke cewa a mayar wa baƙi kuɗinsu gaba ɗaya, ko da mai gida ya rubuta tun farko cewa ba ya mayarwa. Masu gidaje suka yi ca, suka ce su ma da wannan kuɗi suke biyan bashin gidajen. Daga baya kamfanin ya ware dala miliyan 250 don ya biya su kashi 25 cikin 100 na abin da da za su samu bisa sharuɗɗansu na fasawa. Kin ga su ma da suka je suka dawo, a kan raba asara suka tsaya.

Mu ma nan gida mun ɗanɗana. A ƙarshen Fabrairun 2020 Saudiyya ta dakatar da Umara ga baƙi, a watan Yuni kuma ta sanar cewa mazauna ƙasar kaɗai za su yi Hajji. Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta ba maniyyata zaɓi, ko su karɓi kuɗinsu ko su bar shi zuwa baɗi. A 2021 ma ba a je ba. Da aka buɗe a 2022, kujerun da aka ba Najeriya ba su kai rabin na da ba, kuɗin kujera ya kai kusan naira miliyan 2.5, kuma an hana waɗanda suka haura shekara 65. Duk da wannan wahala, ba da zaɓin ya kashe wuta mai yawa, domin ba a ce wa kowa kuɗinsa ya bi ruwa ba.

Tun a 1982 Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yi fatawa a kan yarjejeniyoyi masu dogon lokaci, cewa in yanayi ya juya juyawa mai tsanani da wani dalili gama-gari wanda ba a zata ba, alƙali yana da ikon daidaita haƙƙoƙi ya raba asarar tsakanin ɓangarorin biyu. Addininmu bai bar wannan ƙofa a rufe ba.

Abin da ya fi haƙƙi

Akwai wata ƙofa kuma wadda ba alƙali ne yake buɗe ta ba, zuciya ce. Malamai suna kiran ta iƙala, wato mutum ya zo yana nadamar cinikin da ya yi, ke kuma kina da ikon ki ƙi, sai ki yarda a warware. Abu Dawuda da Ibn Majah sun ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa wanda ya yi wa Musulmi haka, Allah zai yafe masa nasa tuntuɓen. Bukhari kuma ya ruwaito addu'ar rahama da Manzon Allah (SAW) ya yi wa mai sauƙin kai in zai sayar, in zai saya, da in zai nemi haƙƙinsa. Ke 'yar'uwa, wace ce a cikinmu ba ta da tuntuɓen da take fatan a yafe mata?

Sai dai a kula da abu biyu. Kyautatawa ba a tilasta ta. In mai ɗaki bazawara ce da wannan kuɗi take ciyar da 'ya'yanta, kada a taru a kanta da wa'azi har a sa ta ji kamar ta yi zunubi don ta riƙe abin da shari'a ta ba ta. Sannan ba a yin kyauta da dukiyar wani. In gidan na marayu ne ke mai riƙo ce, ko na maigida ne ke mai karɓa ce, to abin da yake wajibi ki mayar, amma yafe abin da ya wuce haka ba a hannunki yake ba.

Ke kuma da kike neman a mayar miki, ki ji tsoron Allah. Kada ki ƙirƙiro ciwo ko mutuwa don a tausaya miki. Ki sanar da wuri, ki mayar da makulli, ki kwashe kayanki, domin mai ɗaki ta samu damar sa wani. Wadda ta riƙe makulli wata shida sannan ta zo tana neman kuɗin wata shidan, ita ma biyu take son ci.

Yadda muka ƙare

Na kira Hajiya na gaya mata gaskiya, har da maganar wanda na sa a ɗakin. Wallahi faɗar wannan ta fi mini biyan kuɗin wuya. Ta ce, "Malama, ai na ji labari tun tuni. Jira nake in ga ko za ki faɗa." Watanni ukun da ake saɓani a kansu muka raba biyu. Abin da ya hau kaina ya zama N95,000.

Ba ni da su a dunƙule, domin na biyun ma na taɓa su. Sai da na jira ɗaukar adashina, na haɗa da albashi, ina aika mata kaɗan-kaɗan ta hannun wani direba, ban gama ba sai a Fabrairun 2024. A nan ne na gane dalilin da ya sa hadisin Bukhari da Muslim ya kira jinkirin mai hali zalunci. Kafin Yunin 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a Fabrairun 2024 ta haura 1,400. Hajiya da sefa take cefane. Abin da ya isa hannunta bayan canji bai kai darajar abin da za ta samu ba da na biya ta ranar da na karɓi kuɗin baƙo na biyu. Adadin na cika, amma jinkirina ya ci wani abu daga ciki, kuma na nemi ta yafe mini wannan.

An buɗe boda a watan Maris na 2024. Hajiya ta dawo cin kasuwa, amma jarinta bai koma yadda yake ba, kuma ba ta sake kama ɗakina ba. Mukan gaisa da mutunci, takan aiko wa yara dabino. Ni dai na san akwai abin da ya fashe a waccan wayar ta Oktoba wanda kuɗi bai ɗinke ba.

Shawarata gare ki

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. In Ubangijin da Ya san zukatanmu Ya ce a rubuta, to kunyar da take hana mu rubutawa ba ta addini ba ce. Kunyar minti biyar a farko ta fi gabar shekara biyar a ƙarshe.

Saboda haka duk ranar da za ki ba da haya ko ki kama, ko ki karɓi kafin alƙalami, a samu takarda ko da ta littafin makarantar yara ce. A rubuta ranar shiga da ranar fita da abin da aka biya. A rubuta abin da za a yi in ɗaya ya fasa, da kwana nawa zai ba da sanarwa. A rubuta cewa in an samu wani ya shiga, za a mayar da kuɗin watannin da ya zauna. A faɗi abin da za a yi in hukuma ta rufe hanya ko kasuwa, domin mu mutanen bakin iyaka mun ga rufewar 2019, mun ga ta 2023, ba za mu ce ba mu sani ba. A sa shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafinsa. In maigida ne yake ƙulla irin wannan, ki tuna masa cikin ladabi, domin abin da ya shigo da shi gidan ke da 'ya'yanki za ku ci.

Sannan in kin karɓi kuɗin shekara, ki riƙa tuna cewa na watan da aka zauna ne kaɗai ya gama zama naki babu waiwaye. In da hali ki ajiye wani abu a gefe. Da na yi haka, da ban ba Hajiya waccan amsar ba. Yawancin masu cewa "ba a mayarwa" ba mugunta ce take sa su ba, kuɗin ne suka riga suka shige cikin tukunya.

Allah (SWT) Ya hana mu a Suratun Nisa'i, aya ta 29, cin dukiyar juna ta hanyar ɓarna, sai dai ta kasuwancin da aka yi da yardar juna. Yarda kuwa ba ita ce shirun wanda ba shi da yadda zai yi ba. Hajiya ta ce mini "haka ne" a waya, amma zuciyarta ba ta yarda ba, ni ma kuma na sani.

Don haka 'yar'uwa, yau da dare in yara sun yi barci, ki ɗan zauna ki yi lissafi. Akwai kafin alƙalamin wata amarya da bikinta ya fasu yana hannunki? Akwai ɗinkin da aka biya ba a yi ba? Akwai ɗakin da kika karɓi kuɗinsa sau biyu? In akwai, ki nemi mai shi tun kuna iya gaisawa, tun ana biya da naira, kafin ranar da za a biya da lada. In mas'alarki tana da sarƙaƙiya, ki kai ta wurin malamin da kika amince da iliminsa, ki faɗa masa labarin duka, har da ɓangaren da ba ki son faɗa.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa daga ni ne da Shaiɗan, kuma Allah ne Mafi sani. Allah Ya tsarkake mana abincinmu, Ya raba mu da haƙƙin mutane, Ya sa mu cika da imani. Wassalamu alaikum warahmatullah.